Ranar da Iliasu Ya Kwanta wa Teku

Salamu alaikum, mutanena. Yau ku mayar da hankicinku aljihu, ba kuka na kawo muku ba. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Maijidda, 'yar Gwammaja ce ni a Kano. Karatu ya kawo ni Guangzhou, na gama na maƙale a ofishin Kawu Sharif, ƙanin mahaifiyata, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta idan sun zo sari. A wajen aikin nan na haɗu da Iliasu, ɗan zangon Takoradi a Ghana, mai loda wa mutanensu kwantena. Ina son sa, yana so na, Kawu ya bincika ya ce bai ga aibunsa ba. Abu ɗaya ya rage mana, Umma. Abbanmu ba ya yanke maganar 'ya'ya mata sai abin da Umma ta kai masa. In ta ƙi kai wa, to ko sunan mutum ba zai ji ba.

Sai ga Umma ta zo sarin takalma da jakunkuna, kuma a zuwan nan Iliasu ya tafka kuskure.

Ya zo gaishe ta a gidan Kawu da ke unguwar Liwan. Ya cire takalmi, ya durƙusa, har nan lafiya lau. Sai Anti Salamatou, matar Kawu, 'yar Maraɗi, ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kukar da Umma ta kaɗa da hannunta, da daddawar da ta ƙullo tun daga gida. Kun dai san yadda ake yi. A kawo wa saurayi abinci a gidan surukai, ya ce alhamdu lillahi, a matsa masa, ya kurɓi ruwa, shi ke nan an gama. Bawan Allahn nan wanke hannu ya yi, ya yi bismilla, ya share kwanon tas a gaban Umma. Ya ɗago ya dubi tsakiyar idonta ya ce, “Mma, miyar nan ta yi daɗi. Akwai saura?”

Ina bayan labule. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya ya gaya min a gidansu in uwa ta ba ka abinci ka rage, ka raina ta ke nan. Shi a ransa girmama ta ya yi, ƙarin ma dole ya yi wa cikinsa. Umma kuwa da ya tafi ko kallona ba ta yi ba, Anti ta fuskanta.

“Yaron ba laifi, amma babu kunya a idonsa. Ni ba zan kai wa Alhaji maganar wanda ya suɗe kwano a gabana ba. Ga kuma uwa duniya tsakaninmu da garinsu, in ciwo ya kama ta wa zai je?”

Tun daga ranar ta mayar da shi ɗan aike. Kullum yana biye da mu a kasuwar Zhanxi Lu yana ɗaukar kwalaye, ita kuma tana ta “Iliasu riƙe wannan, Iliasu tambayi laoban, mai shagon nan, ko akwai baƙi,” kamar yaron shagonta. Shi murna yake, wai sun saba. Ni da na san uwata, na san ba sabo ba ne, ga ranar komawarta ta matso.

Anti ce ta kawo dabara. Ta ji Umma ta ce ita ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, sai ta ce, “Yaya, ai ba za ki koma ba ki taka bakin ruwa ba. Iliasu ya kai mu Nansha bakin teku, hanyarsa ce ta kullum.” Ta juyo ta ƙifta min ido. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ko uwa ɗaya muka fito sai haka.

Ana gobe za mu tafi na zauna na yi masa karatu a waya.

“Kada ka ci komai a gabanta.”

“Ko ruwa?”

“Ko yawu za ka haɗiya ka juya baya. Kada ka kalli idonta. Kada ka yi mata magana sai ita ta yi maka. In da abin faɗa ka turo min saƙo, ni zan faɗa.”

“In mota ta kama wuta fa?”

“Ka turo saƙo.”

Ya turo min fuskar dariya, ya ce ya ji ya ɗauka. Ni kuma na kwanta ina jin kaina wata gwana.

Da safe sai ga shi cikin farar shadda ɗinkin Kano, ta sha guga har tana ƙara in ya motsa, da hular da ya aro wajen Kawu ta ɗan yi masa yawa. Ni na sa abaya ruwan zuma da farin takalmin yawo. Umma ta ɗaura atamfarta mai ganye-ganye da babban mayafi ruwan ƙasa, ta rataya jakar da fasfonta ke ciki, don a garin nan ba ka fita ba shi. Anti ta cika kula da dafa-duka da soyayyar kaza, ta naɗe tabarma. Kawu yana da lodi, bai bi mu ba.

Mun fara da wajen tsuntsaye. Fadama ce shimfiɗeɗiya, ana shiga da ku ƙaramin jirgin ruwa mai rumfa, ku yi ta ratsa dogayen ciyayi da wasu bishiyoyi masu saiwa a waje, tsaye cikin ruwa. Iska mai sanyi, ba ƙarar mota, ba mai ce maka “meiyo, babu” kamar a kasuwa. Muka ɓullo wani wuri sai ga bishiyoyi sun yi fari fat da tsuntsaye. 'Yan China suka ɗaga wayoyi gaba ɗaya.

Umma ta leƙa ta ce, “Yanzu balbela kuka kwaso ni in gani? Ga su can bayan shanu a hanyar Dawanau, ba mai ce musu sannu.”

Anti ta tuntsire da dariya. Amma da muka ƙara gaba wani abu ya ɗauke wa Umma hankali. Wani farin tsuntsu ne mai baƙar fuska, bakinsa kamar ludayi, yana ta juya shi cikin ruwa dama da hagu kamar mai dama fura. Ta bi shi da kallo har muka wuce. Da muka sauka kan gadar katako kuma ta ga kifi ya fito kan taɓo yana tafiya da ƙirji, idanunsa a saman kai, sai ta dafa ni.

“Ikon Allah. Maijidda, wannan kifi ne ko ƙadangare? Ya halatta a ci kuwa?”

Wayata ta yi motsi. Iliasu ne, yana tsaye can baya, kansa a ƙasa: “Kifi ne. Akwai irinsa a wajenmu, muna yara muna kama shi.” Na karanta na faɗa wa Umma kamar daga kaina ya fito. Ga ƙaguwa kuma jajaye birjik, kowace da hannu ɗaya ƙato tana ɗagawa, Anti ta ce 'yan siyasa ne sun fito gaisuwa. Na daɗe ban ga Umma ta yi dariya har da share ido ba, sai na ji raina ya yi fari.

Farin cikin bai daɗe ba. Da muka shimfiɗa tabarma za mu ci abinci, Iliasu ya koma gindin wata bishiya ya ba mu baya. Anti ta kira shi ya ce alhamdu lillahi. Umma ta dube shi, ta dube ni.

“Shi wancan azumi yake?”

“A'a Umma, ina jin kunya ce.”

“Yau ta tsiro masa?” Ta gutsiri kaza. “Koya masa aka yi. Ni ba yarinya ba ce.”

Na ce a raina shi ke nan Maijidda, kin yi wayonki a gaban wadda ta haife ki.

Daga nan ya ja mu zuwa bakin teku. Wuri ne mai yashi, iyalai sun kafa ƙananan tantuna, yara suna ta haƙa da bokitin roba. Can sama akwai ƙaton mutum-mutumin wata mace da mutanen nan ke kai wa turare, can nesa kuma manyan jirage ne ɗauke da kwantenoni suna wucewa a hankali kamar ba sa tafiya. Ruwan ya ja baya sosai, ya bar fili mai santsi, yashinsa a daddaɓe kamar an yi daɓe. Umma ta cire takalmi ta taka har bakin ruwan. Ta tsaya ta daɗe. Abin da na ji ta ce kawai shi ne, “Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan.”

La'asar ta yi. Umma tana da alwalarta. Ta dubi sama ta ce ba za ta yi salla kusa da mutum-mutumin can ba, ta dubi tsakiya ta ce ba za ta yi cikin masu gajeren wando ba. Sai ta zaɓi filin nan mai santsi na ƙasa, wanda ba ƙafar da ta taka. Na buɗe alƙibla a wayata na ajiye mata a gefen darduma, alƙiblar ta sa ta ba teku baya. Ni da Anti muka hau sama neman wajen alwala.

Jama'a, mu mutanen Kano ne. Ruwanmu na Tiga inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da yamma. Ni na karanta a makaranta cewa teku yana tafiya yana dawowa, amma wallahi ko kaɗan bai faɗo min ba cewa filin nan mai kyau ɗakin ruwa ne, fita ya yi zai dawo. Anti kuwa 'yar Maraɗi, ita ina ta gan shi? Mutum ɗaya ne a cikinmu ya tashi a bakin teku, shi kuma na ɗinke masa baki.

Wajen alwalar akwai layi. Da muka fito muka tsaya a kan matattakala, sai Anti ta damƙi hannuna. Ruwan da muka bari can nesa ya zo dab da Umma. Wani ƙaton jirgi ya wuce, ga igiyar da ya taso tana tahowa, fara, a jere. Umma tana sujada. Gwiwarta tana ciwo, in ta sauka ba ta tashi da wuri, kuma ni na san uwata, ko gini ne zai faɗo ba ta yanke salla.

Iliasu yana tsaye gefe, waya a hannu, ya dubi wayar, ya dubi inda muke, ya dubi Umma. Sai na ga ya cusa wayar a aljihu ya ruga.

Ku duba halin da yake ciki. Ba zai ratsa gaban mai salla ba. Ba zai taɓa ta ba, ba muharraminta ba ne. Ya zagaya ta baya, ya fizge jakarta da wayata ya wurga su sama kan busasshen yashi, ya ja naɗaɗɗiyar tabarmarmu ya gitta, sannan ya kwanta a bayan Umma da tsawonsa, ya ba ruwa baya. Da farar shaddar, da gugar, da komai.

Igiyar ta zo ta maka masa. Hular Kawu ta yi gaba. Ta biyu ta fi ta fari, ta zo da taɓo da ganyaye ta rufe shi har kai, na ga ya kafa yatsu cikin yashi don kada ta mirgino shi kan Umma. Ba wai ya tare teku ba ne, wa ya isa? Ruwa ya zagaye shi ya jiƙa gefen darduma da bakin zanen Umma. Amma ƙarfin duk a bayansa ya ƙare, abin da ya iso gare ta bai wuce ya wanke ƙafa ba. Mai gadi yana ta busa usur, 'yan China sun kewaye suna ɗauka a waya, ni ina gudu ina tuntuɓe da abaya.

Umma ba ta ƙara sauri ba. Ta ɗago, ta zauna, ta yi tahiya yadda ta saba. Ta yi sallama dama. Ta yi hagu, sai idonta ya faɗa kan mutum kwance a bayanta, jiƙe sharkaf, yashi har cikin kunne, yana tari, kuma duk da haka idonsa a ƙasa.

Na isa na kama ta ta miƙe. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya gefe.

“Salamatou, ki ce da shi ya tashi haka nan, sanyi zai kama shi.”

Muka hau sama. Ta zauna kan dakali tana matse bakin zane, ni ina durƙushe ina goge mata ƙafa.

“Ya ga ruwan yana zuwa?”

“Ya gani, Umma.”

“Me ya hana shi magana tun kafin in tayar?”

Na sunkuyar da kai. “Ni na ce kada ya yi miki magana. Na ce ya turo min saƙo.”

“Wayar kuma tana gefena tana ta kuka kamar ƙwaro.” Ta dungure min kai. “Sakarya kawai. Da ruwan ya fi haka fa?”

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, “Rashin cin abinci ke kika koya masa. Kwanciyar nan ba ke ba ce.”

Ta ɗaga murya kaɗan. “Salamatou, sauran abincin nan ki ba shi. Ki ce ya je bayan mota ya ci.”

Anti ta saya masa kaya a wata rumfa, abin da aka samu ke nan, riga mai hoton bishiyar kwakwa da wando mai furanni. Haka ya tuƙo mu. Umma da ta zauna a bayansa da safe tana ba shi umarni, yanzu ta koma kujerar ƙarshe, fuskarta a taga. Ni kuma na buɗe wayata na ga saƙonninsa a jere. “Ruwa yana dawowa, ki ce Mma ta matsa sama.” “Maijidda.” “Ta tayar da salla.” “Kina ina?” Na ƙarshen ya ce, “Ki yafe min, zan karya doka.” Na karanta ina dariya hawaye yana zuba, Anti tana zungurina.

Da ya sauke mu ya durƙusa ya yi sallama. Umma ta amsa wa bango ta shige. Ko hawa sama ban gama ba saƙonsa ya shigo.

“Mma ta daina kiran sunana. Ko kallona ba ta yi. Na ƙara ɓatawa ko?”

Allah sarki Iliasu. Na nuna wa Anti, ta karɓe wayar ta danna ta yi masa magana da bakinta: “Kai ɗan Takoradi, ka taɓa ganin uwa ta kama sunan surukinta? Da da take kiranka gatsal, yaron kasuwa ne kai. Yau ta fara jin kunyarka. Je ka yi salla ka gode wa Allah, ka kuma nemo wa maigidana hula.”

Can sai ya rubuto, “Ke nan in ba ta kula ni ba, ta yarda?”

Na ce, “Barka da zuwa Kano.”

Amma ni zuciyata ba ta gama kwanciya ba, don Umma ba ta ce min komai da bakinta ba, kuma kunya ba ita ce kai magana gaban Abba ba. Na yi magariba na daɗe a kan darduma. Na gode wa Allah da ya tsare min uwa. Na gode masa da Anti. Har jirgin nan da ya taso igiyar na sa wa albarka, ko kayan wa ya ɗauko Allah ya kai shi lafiya. Duk wayon da na ƙulla ya rushe, abin da ban shirya ba shi ya tsaya min, ni kuwa me zan ce in ba godiya ba?

Na same ta a ɗaki tana jera takalman sari cikin buhu, tana cusa jakunkuna a tsakani don kada su lanƙwashe. Na zauna ina miƙa mata.

“Maijidda.”

“Na'am, Umma.”

Ba ta ɗago ba. “Shi garin nasu, akwai jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Kano?”

Na so in yi mata kwaskwarima, amma na gaji da wayo. “Babu, Umma. Sai an je Legas, a sake hawa zuwa Accra, sannan a shiga mota.”

Ta riƙe wani takalmi tana juya shi a hannu. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi. Ta cusa takalmin, ta ja zif ɗin buhun har ƙarshe.

“To,” ta ce. “Sai ki koya min hanyar tun yanzu. Ranar da za ki haihu ba zan tsaya jiran ɗan rakiya ba.”